Zafin Saduwa Bayan Tiyatar Zazzagowar Mahaifa: Yadda Aka Daɗe Ba a Saurari Mata Ba

'Yar uwa, idan an yi miki tiyata saboda zazzagowar mahaifa ko mafitsara, kuma kina jin zafi lokacin saduwa da maigidanki, ki sani wannan kuka ya girme mu duka.

A shekarar 1877, likitan Faransa Léon Le Fort ya bayyana aikin da ake ɗinke farji a rufe shi. Mahaifa takan daina saukowa, amma an yi bankwana da saduwa. Har yau ana yin sa ga dattijan da suka zaɓi haka. A 1888 kuma Archibald Donald ya fara wani aiki a birnin Manchester na Ingila, inda ake rage wuyan mahaifa tare da gyara bangon farji. Ma'aunin nasara a wancan zamani shi ne abin da idon likita ya gani: in komai ya koma mazauninsa, an gama. Sau da yawa akan matse bangon baya, a ja tsokoki a haɗa su da ɗinki, sai hanya ta ƙuntata, tabo ya yi tauri. Sai a 1961 Francis da Jeffcoate suka wallafa bincike a kan zafin saduwa bayan irin waɗannan ayyuka, suka danganta shi da wannan matsi.

Darasin bai zauna ba. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ragar roba da ake dasawa ta farji don tallafe gaɓoɓin. A jikin wasu matan ragar ta takure, ko ta ɓullo ta cikin fata, har miji ma yakan ji tana sukarsa. Hukumar ta yi gargaɗi a 2008 da 2011, sannan ta hana sayar da ita a Afrilun 2019. Shekara 17 ke nan, kuma a ganina koken matan ne ya kai ga hanin. Ragar da ake sawa ta ciki daban ce, ana amfani da ita har yanzu.

Yau likita na iya gano ko zafin daga tabo ne, ko ƙuntatar hanya, ko bushewa bayan ɗaukewar al'ada, ko ɗaurewar tsokoki, kuma kowanne da maganinsa: man shafawa mai sinadarin estrojin, atisayen sassauta tsoka, ko sake gyara. Mata da yawa ma saduwarsu takan yi sauƙi bayan tiyata. Kai kuma maigida, ka yi haƙuri da makonni shida ko fiye da likita ya ɗiba, kuma ka raka ta ranar komawa asibiti.