Raunin mazakuta na iya zama gargaɗi kan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa

A Madarunfa, kamar sauran garuruwan jahar Maradi, magidancin da ƙarfinsa ya ragu yakan nufi mai tallar magani ko mai saiwa a ɓoye. Sai dai likitoci na ɗaukar wannan rauni a matsayin alamar farko ta lalacewar jijiyoyin jini, har da waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Mene ne haɗinsu?

Miƙewar gaba ta dogara ne da buɗewar jijiyoyi domin jini ya cika ta. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da yawan kitse a jini suna lalata bangon jijiyoyi, su ƙuntata su. Faɗin jijiyoyin gaba milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya 3 zuwa 4, manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa kuma 5 zuwa 7. Don haka ƙanana ke fara nuna toshewa. Raunin na iya bayyana shekara 2 zuwa 5 kafin ciwon zuciya, kuma masu fama da shi sun fi fuskantar haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wadda likitoci ke kira AVC.

Ba kowane rauni ne daga jijiyoyi ba. Damuwa, gajiya, tramol da wasu magunguna ma suna jawo shi.

Me ya kamata a yi?

Wanda raunin ya ɗauke shi watanni ya je CSI ko asibitin gundumar Madarunfa a auna masa tansiyo da suga. Awon da ke kaiwa 14/9 a kai a kai hawan jini ne. Rage gishiri da dunƙulen miya, barin taba da yawaita tafiya a ƙasa suna taimakon gaba da ƙwaƙwalwa duka.

Ƙwayoyin ƙarfin maza irin su Viagra ba sa gyara jijiyar da ta lalace. Haɗa su da wasu magungunan zuciya na iya faɗar da jini ƙasa har ya kai ga rasa rai.

Alamomin gaggawa

Idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu farat ɗaya, ko magana ta sarƙe, a kai mutum asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.