Tarihin Sana'ar Haɗa Kwamfutar Wasa da Hannu

Sana'ar haɗa kwamfutar wasa, wato mutum ya sayi sassa ɗaya bayan ɗaya daga kamfanoni daban-daban ya harhaɗa su da hannunsa a cikin akwati guda, ta samo asali ne daga wata shawara da kamfanin IBM ya yanke cikin gaggawa. Sa'ad da aka umarci wani ƙaramin rukunin injiniyoyinsa da ke Boca Raton a jihar Fulorida, ƙarƙashin jagorancin Don Estridge, da su fito da kwamfutar tebur cikin kimanin shekara guda, sun ga cewa lokaci ba zai ba su damar ƙera komai daga tushe ba, saboda haka suka sayi furosesa 8088 daga Intel, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da lissafi, suka kuma karɓi babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar daga Microsoft. Kwamfutar da ta fito a watan Agusta na 1981 tana da ramuka biyar na cusa ƙarin kati, an kuma buga littafin da ya bayyana zanen wayoyinta dalla-dalla, ta yadda duk kamfanin da ya ga dama zai iya ƙera katin da zai shiga cikinta ya yi aiki.

Abu guda da IBM ya riƙe a hannunsa shi ne BIOS, ƙaramar manhajar da ke zaune cikin babban allon kwamfuta, wanda 'yan sana'a ke kira madabod; BIOS ɗin ce ke farkar da sassa ta bincika lafiyarsu kafin ta miƙa ragama ga babbar manhaja. Wannan ma bai daɗe ba, domin Compaq ya fito da kwamfuta mai tasa BIOS ɗin a 1983, sannan Phoenix ya fara sayar da irinta ga kowane mai ƙera kwamfuta a 1984. Da IBM ya yi yunƙurin rufe ƙofar a 1987 da samfurin PS/2, mai sabon rami da sai an biya shi lada kafin a ƙera masa kati, sauran kamfanoni suka juya masa baya suka ci gaba da tsohon tsarin. Tun daga nan ikon buɗe akwati da sauya sashe ya zama gado ga mai saye, kodayake gado ne da ake ta ja-in-ja a kansa har yau.

Waɗanda suka koyi aikin a zamanin MS-DOS, babbar manhajar Microsoft, sun san cewa ɗaura sassa shi ne ɓangare mafi sauƙi, wahalar tana wajen sasanta su. Katin sauti na Sound Blaster, wanda kamfanin Creative na Singafo ya fitar a 1989, yana buƙatar a ware masa lambar katse furosesa da ake kira IRQ, da hanyar shiga ma'adana kai tsaye da ake kira DMA, kuma ana yin wannan rabo ne da jampa, wasu 'yan mitsi-mitsin hulunan roba masu ƙarfe a ciki da ake ɗorawa kan allurai biyu da hantsaki. Idan kati biyu suka faɗa kan lamba guda, sai sauti ya ɗauke ko kwamfutar ta sanƙare, ba kuma tare da wani saƙo da zai nuna inda matsalar take ba. Ga kuma iyakar kilobait 640 ta ma'adanar farko, wadda ta sa mai wasa ya zama dole ya iya gyara fayil biyu, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, yana tura direbobin linzami da na faifan CD zuwa ma'adanar sama domin ya tsirar wa wasa 'yan kilobait kaɗan. Direba a nan ita ce manhajar da ke fassara tsakanin babbar manhaja da wani sashe na na'ura. Da yawa daga cikin 'yan wannan zamani suna da faifan fulofi na musamman ga kowane babban wasa, wanda da shi ake tada kwamfutar idan za a buga shi. Wannan horo ya yi tsanani, amma ya fitar da mutanen da suka san abin da ke faruwa a cikin na'urarsu tun daga latsa makunni, kuma har yanzu ana gane su a wajen neman tushen matsala.

Wasanni ne suka riƙa jan kasuwar gaba. Doom, wanda kamfanin id Software ya saki a watan Disamba na 1993, ya sa dubban mutane suka bar furosesa 386 suka koma 486, sannan Quake na 1996 ya nuna cewa furosesa shi kaɗai ba zai iya zana duniya mai tsawo da faɗi da zurfi cikin sauri ba. Amsar ta zo daga kamfanin 3dfx da katin Voodoo, wanda ba ya iya nuna ko da rubutun allo na yau da kullum, don haka sai an bar tsohon katin hoto a wurinsa, a ɗauki wata gajeriyar waya mai kauri a haɗa bayan wancan da bayan wannan, sannan a jona monita a jikin Voodoo. Da wasa ya tashi akan ji ɗan ƙaras daga cikin akwatin, alamar sabon katin ya karɓi aiki, sai bangon da ɗazu yake kaca-kaca da murabba'ai ya koma sumul. Daga wannan lokaci katin hoto ya zama zuciyar kwamfutar wasa, kuma shi ke cin kaso mafi girma na kuɗin mai haɗawa. Shi 3dfx bai yi tsawon rai ba: ya sayi masana'antar STB domin ya riƙa ƙera katunansa da kansa, abin da ya kore kamfanonin da ke sayen ƙwayoyinsa zuwa wajen Nvidia, wanda ya fitar da GeForce 256 a 1999, kuma a ƙarshen shekarar 2000 ya saye kadarorin 3dfx ɗin. ATI mai katunan Radeon ya rage a matsayin abokin hamayya, har AMD ya saye shi a 2006.

A gefe guda, wasu ƙa'idoji marasa armashi ne suka mai da aikin abin da talaka mai sukudireba zai iya. Ramin PCI na 1992 da tsarin Windows 95 na gane sabon kati da kansa sun kashe yawancin jampa, DirectX ya ba masu rubuta wasa harshe guda da za su yi magana da kowane irin kati, sannan ma'aunin ATX da Intel ya fitar a 1995 ya tsayar da girman madabod, da wuraren ƙusoshinta, da siffar filogin wuta. Albarkacin wannan ma'auni ne akwatin da aka saya shekaru 20 da suka wuce zai iya karɓar madabod ta bana.

Babin da tsofaffin 'yan sana'ar suka fi tunawa da shauƙi shi ne na ƙure gudu, wato tilasta wa furosesa ya yi sauri fiye da abin da kamfani ya yanka masa. Gudun furosesa a wancan lokaci sakamakon ninka lambobi biyu ne, saurin babbar hanyar madabod da wata lambar ninki da ke cikin furosesan. Celeron 300A na 1998 yana da ninki 4.5 a kulle, yana tafiya kan hanya mai megahaz 66, wanda ya ba da kimanin 300. Amma duk wanda ya sami madabod irin Abit BH6, ya shiga BIOS ya mai da hanyar 100, sai ya wayi gari da megahaz 450, yana kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai ninkin-ba-ninkin kuɗinsa. Bayan shekara biyu, masu Athlon da Duron na AMD suka gano cewa makullin ninki wasu 'yan gadoji ne da aka yanke a saman furosesan, kuma fensirin makaranta na iya sake haɗa su, tunda baƙin cikinsa yana ɗaukar wuta. Darasin da wannan zamani ya bari shi ne cewa bambancin farashi tsakanin samfura sau da yawa shawarar kasuwa ce, ba iyakar ƙarfin ƙwayar ba. Kamfanoni sun fahimci haka su ma, shi ya sa daga baya suka mai da buɗaɗɗen ninki haja mai farashinta, kamar Core i5-2500K na 2011, wanda mutane da yawa suka yi kusan shekara goma suna amfani da shi. Yau furosesa da kansa yake ƙara gudu gwargwadon sanyin da ya samu, don haka ƙwarewar ta koma wajen zaɓen fanka, da shafa man da ke isar da zafi daga furosesa zuwa ƙarfen sanyaya, da tsara yadda iska ke shiga ta gaba ta fita ta baya.

Girka babbar manhaja ma ya sauya kama. Mai girka Windows XP a kan faifan ajiya na SATA yakan tsaya da yatsa kan maɓallin F6 da fulofin direba a hannu, alhali yanzu 'yar filasha mai gigabait 8 ta wadatar, kuma ma'adanar NVMe, wata 'yar siririyar sanda da ake kwantarwa a jikin madabod da ƙusa guda, tana kammala aikin cikin mintoci. UEFI ta gaji tsohuwar BIOS, kuma a cikinta ne sabon shiga ya fi yin asara ba tare da ya sani ba. Ma'adanar wucin gadi, wato RAM, ba ta tafiya da gudun da aka rubuta a kwalinta sai an kunna tsarin XMP, ko EXPO a sababbin allunan AMD. Sandunan RAM biyu kuma sai an sa su a ramukan da littafin madabod ya nuna, galibi na biyu da na huɗu, kafin su yi aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Haka nan akwai masu jona wayar monita a bayan madabod maimakon bayan katin hoto, su yi watanni suna zargin katin da ko taɓa shi ba a yi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana kwamfuta tashi, kuma wannan ne ya sa suka fi rikicin jampa wuyar ganewa.

Batun ɗaukaka kwamfuta, wato sauya sashe guda domin a ƙara mata ƙarfi, ya dogara ne kacokan kan soket, mazaunin furosesa a jikin madabod. Intel ya saba sauya soket bayan kimanin zubi biyu, abin da ke tilasta wa mai son sabon furosesa sayen sabuwar madabod. AMD ya bi wata hanya da soket AM4, wanda ya ɗauki Ryzen na farko a 2017 ya kuma kai har Ryzen 7 5800X3D na 2022. Ko wannan ma sai da aka yi gwagwarmaya, domin a 2020 kamfanin ya sanar cewa tsofaffin alluna ba za su karɓi zubin Ryzen 5000 ba, yana kafa hujja da ƙarancin wurin ajiya a ƙwayar BIOS, sai da masu saye suka yi ca a kansa ya janye. Wannan lamari ya cancanci a riƙa tuna shi, domin ya nuna cewa tsawon ran sassa abu ne da masu saye ke iya ƙwatowa. Microsoft kuwa ya ja nasa layin da Windows 11 a 2021, inda ya shardanta ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da furosesa daga zubi na takwas na Intel ko Ryzen 2000 zuwa sama, kuma da tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ke aiki garau suka tsinci kansu a waje. Wasu masu su sun koma Linux, wadda manhajar Proton ta kamfanin Valve ta buɗe mata ƙofar dubban wasannin Windows tun 2018, kodayake wasu wasannin gasa masu manhajar hana maguɗi har yanzu ba sa yarda da ita.

Tsada ita ce ta fi sauya fuskar sana'ar a 'yan shekarun nan. Masu haƙar kuɗin intanet sun wawashe katunan hoto a 2017, suka sake yi a 2021 daidai lokacin da annobar korona ta jawo ƙarancin ƙwayoyin lantarki, kuma lamarin bai lafa sosai ba sai da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogara da haƙa a watan Satumba na 2022. Manyan katuna kuma sun ƙara cin wuta, har RTX 4090 ya kai wat 450, aka kuma sami rahotannin narkewar sabon filoginsa a inda bai shiga ya zauna daram ba.

A Nijeriya, inda faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, da yawa daga cikin masu haɗa kwamfutar wasa suna farawa ne da tokumbo, daga kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja ko shagunan titin Beirut a Kano. Wata hanyar da ake bi ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis, a ƙara mata RAM da ma'adanar SSD, a cusa mata kati irin GTX 1650 wanda wat 75 na ramin madabod ke isarsa. Sai dai a nan ne ake karo da abin da ATX ya zo ya kawar, domin manyan kamfanonin kwamfutar ofis sukan yi amfani da filogin wuta da siffar madabod nasu na kansu, ta yadda akwatin wutar kasuwa, wato sashen da ke rarraba wa sassa lantarki, ba zai shiga ba sai da waya mai juya haɗi. Yanayin ƙasar ma yana sauya jerin abin da ya kamata a fara kashe wa kuɗi. Inda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, akwatin wuta nagari da na'urar UPS mai riƙe wuta idan ta ɗauke suna gaba da ƙarin ƙarfin kati, kuma inda ƙurar hunturu ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kafin zafin bazara ya iso ya haura digiri 40, ragar tace ƙura a gaban akwati da busa shi a kai a kai suna cikin aikin tun ranar da aka ɗaura ƙusar farko.