Allurar Bitamin C Mai Yawa: Amfani, Haɗari da Wanda Bai Kamata Ya Karɓa Ba

Mene ne ita?

Bitamin C sinadari ne da jiki ke buƙata wajen warkar da rauni, ƙarfafa dasashi da tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Babba namiji na buƙatar miligiram 90 a rana, mace kuma 75. Gwaiba ɗaya mai kyau ta wadatar da wannan. Ana kuma samun sa a lemo, tattasai, mangwaro, zogale da garin ɗan kuka.

Idan aka sha shi da baki, hanji na ɗaukar iya abin da zai iya, ƙoda kuma ta fitar da rarar a fitsari. Idan aka zuba shi cikin ruwan jijiya kai tsaye, ana tsallake wannan shinge, sai ya taru a jini fiye da ƙima. Wani lokaci ana ba da giram 10 zuwa sama, wato sama da ninki ɗari na buƙatar rana.

Yaushe likita ke ba da ita?

Amfanin da aka tabbatar shi ne maganin tsananin ƙarancin bitamin C ga wanda ba ya iya sha ko hanjinsa ba ya tsotsa. Alamomin sun haɗa da zubar jini daga dasashi, kasala da rauni mai ƙin warkewa.

Ciwon daji da gubar jini fa?

A shekarun 1970 masanin kimiyya Linus Pauling da likita Ewan Cameron suka ce bitamin C na tsawaita ran masu ciwon daji. Asibitin Mayo da ke Amurka ya gwada shan giram 10 kullum, sakamakon 1979 da na 1985 bai nuna amfani ba. Ana ci gaba da binciken na jijiya, amma bai zama magani ba. Kada majiyyaci ya bar jinyar da likitan daji ya tsara masa saboda ita.

A 2022 wani babban gwaji mai suna LOVIT a kan masu gubar ƙwayoyin cuta a jini ya nuna waɗanda aka ba ta sun fi fuskantar mutuwa ko lalacewar gaɓoɓi.

Babu kuma hujjar cewa tana hasken fata lafiya, duk da yadda ake tallata ta tare da glutathione. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Waɗanda take wa haɗari

- Masu ƙarancin G6PD: gado ne da ya yawaita a tsakanin mazan Najeriya, da yawa ba su san suna da shi ba. Allurar na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, idanu su yi rawaya.
- Masu ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda: jiki na mayar da rarar bitamin C zuwa ogzalet, wanda ke toshe ƙoda. Zafin Kano da ƙarancin shan ruwa na ƙara haɗarin.
- Masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini: ƙarfe ya riga ya taru a jikinsu, bitamin C na iya ƙara cutar da yake yi.
- Masu ciwon suga: wasu na'urorin gwajin yatsa na nuna suga ya hau alhali bai hau ba, har a yi kuskuren ƙara insulin.

Shawara

Kada a yarda a ɗaura wannan ruwa a kemis ko a gida. Kafin a ba da ita, sai an gwada G6PD da aikin ƙoda. Mazauna Unguwar Gano, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna kusa da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya. Idan bayan allura fitsari ya yi duhu ko ya ragu, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya sashen gaggawa nan take, a tafi da kwalbar maganin.