BABI NA UKU: ASALIN KUƊIN KIRAN GAGGAWA DA YADDA YA SHAFI WUDIL

3.1 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin inda kuɗin tafiyar da cibiyoyin kiran gaggawa yake fitowa a Nijeriya, da abin da ake kashe shi a kai, da kuma irin amfanin da gari kamar Wudil yake samu daga gare shi.

3.2 Kafin Zuwan Wayar Salula

A shekarar 1985 aka kafa kamfanin NITEL, wanda ya riƙe harkar wayar tarho shi kaɗai. A wancan zamani akwai lambar gaggawa ta 199, amma sai mai wayar girke ne zai iya kiranta, ita kuwa ba a cika samunta ba sai a ofisoshin gwamnati da gidajen attajirai. Saboda haka in haɗari ya auku a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Wudil, sai dai a tura mutum da mota ko babur ya kai labari. Al'amarin ya fara sauyawa ne a shekarar 2001, lokacin da aka sayar da lasisin wayar salula.

3.3 Tushen Kuɗin

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, a shekarar 1992. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora mata alhakin samar da lamba guda ta neman agaji a faɗin ƙasa. A nan ya kamata a lura da wani bambanci. A Amurka, inda aka fara amfani da lambar 911 a shekarar 1968, jihohi kan ɗora wa mai waya wani ɗan haraji a kan takardar biyan kuɗinsa, a keɓe shi domin cibiyoyin. Duk da haka wasu jihohin sun riƙa karkatar da kuɗin zuwa wasu ayyuka, har wata doka ta 2008 ta wajabta gabatar da rahoto a kansa duk shekara. A Nijeriya kuwa ba a ɗora wa mai waya irin wannan haraji ba. An tsara cewa kamfanonin sadarwa su biya hukumar kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, ita kuma ta ɗauki nauyin cibiyoyin daga kasafinta.

3.4 Yadda Aka Kashe Shi

Jihohi ne suka bayar da filaye, hukumar ta gina cibiyoyi, ta zuba na'urori, ta kuma ɗauki nauyin masu amsa kira. Aikin ya yi sauri a zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, daga 2015 zuwa 2023. An buɗe cibiyar Katsina a 2019, sannan a watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ta Abuja tare da lambar 112, wadda kiranta kyauta ne. A wannan shekarar cibiyar Kano tana cikin masu aiki.

3.5 Naɗewa

Wudil gari ne mai babbar gada, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da jami'a, da Kwalejin 'Yan Sanda, don haka buƙatarsa ta agajin gaggawa a fili take. Sai dai iyakar aikin cibiya shi ne amsa kira da miƙa shi ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko asibiti. Motar da za ta je wurin, da man da za ta sha, suna cikin kasafin waɗannan hukumomi ne. Ke nan kuɗin sadarwa ya magance matsalar isar da labari, amma ceton ran wanda ya yi haɗari a gadar Wudil ya dogara ne ga wani asusun dabam.