Daga Faffaɗar Waya zuwa NVMe: Tarihin Hanyar da Rumbun Kwamfuta Ke Bi

Wanda ya zauna zai haɗa kwamfuta da kansa, ba makawa zai tsaya a kan tambaya guda: rumbun ajiyar bayanai mai SATA zai saya, ko mai NVMe? Amsar na cikin tarihin kusan shekara arba'in.

A shekarar 1986 kamfanin Western Digital, tare da Compaq, suka fito da tsarin IDE. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, na'urar da ke sarrafa rumbun ta koma jikin rumbun kansa, maimakon wani kati na daban. Ana haɗa shi da faffaɗar waya mai fil 40, kuma waya ɗaya tana ɗaukar rumbu biyu, sai an saita wane ne babba, wane ne mabiyi. A shekarar dai aka daidaita tsarin SCSI a Amurka, mai tsada, wanda manyan kwamfutocin ofis da na Apple suka runguma.

IDE ya yi zamani har ya kai iyakarsa, megabait 133 a daƙiƙa. Dalili kuwa, yana tura bayanai ta layuka da yawa a lokaci guda, kuma da gudu ya ƙaru sai siginar layukan ta riƙa kutsawa juna. A 2003 SATA ya bayyana da siririyar waya mai fil 7, yana jera bayanai ɗaya bayan ɗaya: megabait 150 da farko, sannan 300, sannan 600 a 2009.

Rumbu mai faifai da ke juyawa bai taɓa cika wannan hanya ba, domin da ƙyar yake haura megabait 250. Wanda ya cika ta shi ne SSD, da ba shi da faifai. Shi ya sa a 2011 aka fitar da ƙa'idar NVMe, wadda ke bi ta layukan PCIe kai tsaye. Layuka huɗu na PCIe 3.0 suna kaiwa kusan megabait 3,500.

Don haka zaɓi a yau daidai ruwa ne daidai tsaki: NVMe domin manhajar tafiyar da kwamfuta da aikin yau da kullum, rumbu mai faifai a kan SATA domin tarin hotuna da bidiyo, inda yawa ya fi sauri muhimmanci.

Sai dai a kula: ramin M.2 siffa ce kawai. Wani yana karɓar SATA, wani NVMe, wani duka biyun. A duba littafin babban allon kwamfutar kafin a biya kuɗi, kada a sayi rumbun da zai shiga ramin amma kwamfutar ta ƙi ganinsa.