Tarihin kirifto, daga Wapa zuwa ƙasar Kurfey

Jama'ar Filinge, Damana, Fandu, Cikal da sauran 'yan uwa na Kurfey da Tondikandiya, na gida da na cin rani, rubutun yau yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Maganar kirifto ce, kuɗin nan da ba a taɓa shi da hannu, wanda samari suka ishe mu da labarinsa.

Bari mu fara daga gida. Mutumin Dallol Boso, Bahaushen Kurfey ne ko Bazabarmen Tondikandiya, ajiyarsa tun kaka da kakanni rumbun hatsi ce da dabba. Wanda ya dawo daga Kumasi ko Abijan ko Legas da ɗan abin hannunsa ba banki yake nema ba. Kasuwar Lahadi yake jira, ya tafi Balleyara ya sayi karsana ko tumaki ya damƙa wa makiyayi. Ajiya ce mai haihuwa, amma farin 1973 da 1974 ya nuna iyakarta, garke guda ya riƙa ƙarewa a gaban mai shi. Yunwar nan tana cikin dalilan da Seyni Kunce, ɗan Fandu, ya bayar da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Da fari ya dawo a 1984 sai ya zo da aboki: a watan Afrilun shekarar Janar Buhari ya canza takardun naira, ya rufe iyaka, duk ɗan Nijar da ya tara naira a ƙarƙashin tabarma ya wayi gari da takardun da ba su sayen komai. Sefa ma ba ta bar mu ba. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajarta da rabi, faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Ku tambayi dattawan da suke fatauci a lokacin, har yau ba su manta ba.

Saboda haka tambayar da kirifto ya zo da ita tsohuwa ce a wurinmu: ina mutum zai ajiye guminsa inda fari ba ya ci, gwamnati kuma ba ta iya rage shi da sanarwar rediyo?

A ƙarshen Oktoba 2008, ana tsakiyar rikicin bankunan Amurka, wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da gajeriyar takarda yana bayanin kuɗin da ba ya buƙatar banki. Ranar 3 ga Janairu 2009 Bitcoin ya fara aiki. Asalinsa littafin lissafi ne guda wanda dubban kwamfutoci a duniya suke riƙe da kwafinsa, kusan kowane minti 10 a ƙara shafi, kuma babu mai iya goge abin da aka rubuta. An ƙayyade cewa ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. A watan Mayu 2010 wani Ba'amurke ya biya Bitcoin 10,000 ya sayi fiza biyu. A ƙarshen 2017 guda ɗaya ya kusa dalar Amurka 20,000, a Nuwamba 2021 ya kai wajen 69,000, bayan shekara ɗaya ya faɗo ƙasa da 17,000, a Disamba 2024 kuma ya haura 100,000. Wanda ya dubi wannan hawa da sauka ya san ba abin da magidanci zai zuba kuɗin cefanen gidansa ba ne.

Ta Najeriya ya shigo ƙasar Hausa, kuma ba ta ƙofar mutunci ya fara shigowa ba. Da MMM, tsarin zuba kuɗin nan na damfara, ta daskarar da kuɗin mutane a Disamba 2016, ta dawo a Janairu 2017 tana cewa a riƙa biya da Bitcoin. Da yawa a bakin 'yan damfara suka fara jin sunan, wannan tabo kuma bai goge ba. Malamai suka rabu, Muftin Masar Shauƙi Allam ya haramta shi a farkon 2018, wasu suka ce haja ce kamar kowace haja in dai babu riba da yaudara a cinikin. Muhawarar tana nan a masallatai da zaurukan WhatsApp.

Juyin gaske ya zo ranar 5 ga Fabrairu 2021. Watanni kaɗan bayan zanga-zangar EndSARS, inda masu tara gudummawa suka koma karɓar Bitcoin da aka toshe musu asusu, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun duk mai cinikin kirifto. Maimakon kasuwar ta mutu sai ta koma hannu da hannu, abin da suke kira P2P. Ga yadda ake yi. Mai sayarwa ya sa tallarsa a manhaja: ina da dala kaza, farashi kaza. Kai mai saye ka danna, manhajar ta ƙulle kuɗin nasa a tsakiya, shi bai iya janyewa, kai ba ka iya ɗauka. Ka tura masa naira ta asusun banki kamar kana biyan kuɗin shinkafa, ana ma gargaɗinka kada ka rubuta kirifto a wurin bayani. Ya ji alat, ya duba ya tabbatar ba na bogi ba ne, ya saki. Banki bai ga komai ba face mutum biyu da suka tura wa juna kuɗi. A Oktoban shekarar Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira don a ba mutane kuɗin waya na hukuma, mutane suka ƙi kallonta. Dalilin a fili yake: naira ce dai, ita kuwa ake gudu.

A nan ne nake ganin yawancin masu ba da labarin nan suke kuskure. Suna ta ambaton Bitcoin, alhali abin da ɗan kasuwar Kano ya kama shi ne USDT, wadda kamfanin Tether ya ƙirƙiro tun 2014, kowace guda ɗaya a matsayin dalar Amurka ɗaya. Mai shago a Kantin Kwari da zai biya kaya a Guwanzu ko Dubai, da can sai ya bi layin banki wata da watanni, ko ya je wurin 'yan canji a Wapa ya sayi dala ya nemi mai kai masa. Yanzu yana zaune a kan dilar atamfa zai tura, kafin ya gama shan shayi wancan ya gani. Bai damu da falsafar Satoshi ba, dala yake so a aljihu. Da gwamnatin Tinubu ta saki naira a Yuni 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024, sai ma'aikaci da ɗalibi su ma suka koyi mayar da ɗan abin da suke da shi USDT. Mu ma mun ga alamar a namu lissafin: jikar sefa da ake canzawa wajen naira 600 a 2019 ta haura naira 2,000 a 2024, ɗan cin ranin Legas ya riƙa dawowa gida da kunya. Kamfanin Chainalysis ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023, Indiya kaɗai ke gabanta.

Hukumar Najeriya ta yi ta kai da komo. A Disamba 2023 ta janye haramcin da ta sa wa bankuna, a Fabrairu 2024 kuma ta zargi Binance, manhajar cinikin kirifto, da karya naira, gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso ya ce dala biliyan 26 sun bi ta kamfanin cikin shekara ɗaya. Aka tsare jami'ansa biyu a Abuja. Nadeem Anjarwalla ya tsere, Tigran Gambaryan ya yi zaman gidan yarin Kuje har Oktoba. Binance ta daina hulɗa da naira, 'yan P2P suka kwashe kayansu suka koma wasu manhajojin.

Wannan na masu jari ne. Abin da ya iso hannun talaka shi ne mainin, wato tara kirifto ta hanyar danna waya. Pi ta fara tun 2019, a lokacin kullum ka danna sau ɗaya ka jira ranar da za ta fashe, wato ta fito kasuwa. A Mayu 2024 Notcoin ta fashe, wasu samari suka samu kuɗin gaske daga taɓa fuskar waya a Telegram, daga nan Arewa ta rikice. 'Yan baiwa, kamar yadda suke kiran kansu, suka cika Facebook. Sai ka ga saurayi a rumfar mai cajin waya, waya biyu a cinya, yatsu huɗu suna ta bugun hoton ɓeran Hamster Kombat, batir ya yi zafi ya cire murfin yana fifita shi, ya tashi tsakar dare don kada lambar sirrin ranar ta wuce shi. Ranar 26 ga Satumba 2024 aka raba, yawanci abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Ni ban ga abin dariya a ciki ba. Saurayin da ba shi da gona ba shi da aiki, abin da yake da shi da yawa lokaci ne, shi ya zuba. Wanda ya fi ciwo shi ne na CBEX, da ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ta rufe a Afrilu 2025 da ajiyar dubban mutane.

To me ya sa guguwar ba ta kaɗa a Filinge kamar yadda ta kaɗa a Kano ba? Na farko sefa ce. Duk abin da za a ce game da asalinta, a ɗaure take da yuro, 655.957 tun 1999, mai jika goma a bara jika goma gare shi bana, ba ya kwana da fargabar mai naira. Na biyu, matsalarmu ta fi ƙarfi wajen aikawa, kuma an riga an magance ta da hanyar da tsohuwa ma ta gane. Ɗanka yana Yamai ko Kwatano ya shiga Nita ko Al Izza ko Amana, ya biya, ya kira ka ya karanta maka lamba, ka je da katin shaida ka karɓi takardunka ka ƙirga. A yankin da ɗaukar kuɗi a hanya ya zama kasada, kowa ya tuna mutum 58 da aka kashe suna dawowa daga kasuwar Banibangu a Maris 2021, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kirifto kuwa yana son waya mai kyau, intanet mai ƙarfi, wuta, da iya karatun boko, domin walet ɗinka kalmomi 12 ne na Turanci, in ka ɓatar da su babu ofishin da za ka kai kuka, in wani ya gan su ya kwashe komai. Kuma a ƙarshe mai sayar da rago a Balleyara tsaba yake so.

Amma mun ɗanɗana abin da ke tura mutane can. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, BCEAO, babban bankin sefa, ta toshe kuɗin gwamnati, bankunan Yamai suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira daga asusunsa na kansa. Har 24 ga Fabrairu 2024 ana cikin haka. Duk wanda ya tsaya a layin banki a watannin nan ya fahimci ɗan kasuwar Kano ba sai an yi masa bayani ba.

Najeriya dai ta saduda, a Maris 2025 Tinubu ya sa hannu a dokar zuba jari da ta amince da kadarorin intanet ta sa su ƙarƙashin hukumar SEC. BCEAO a Dakar ba ta ɗauki kirifto a matsayin kuɗi ba. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da ke amfani da ɗaya sefar, ta gwada mai da Bitcoin kuɗin ƙasa a Afrilu 2022, ta janye bayan kusan shekara ɗaya. A namu ɓangaren, Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ya faɗa a Fabrairu 2024 cewa ƙasashen ƙawancen AES suna nazarin kuɗin kansu. Ranar da aka sa wa wannan magana lokaci, 'yan canjin Yamai za su fara jin tambayar farashin USDT daga bakin dillalan shanu.