Wuƙar aljihu: Sirrin yanka yana ga rashin kauri

Mai sayen wuƙar aljihu yakan fara ne da ɗora babban yatsa a bakinta domin ya ji kaifi. Sai dai maƙera sun daɗe da sanin cewa kaifi rabin zance ne. Ana samun wuƙar da za ta aske gashin hannu, amma a ɗora ta a kan albasa ko ɗanyen dankali sai ta cije a tsakiya, ko kuma ta fasa shi maimakon ta yanka.

Dalili kuwa shi ne, kaifi hanya kawai yake buɗewa. Bayan ya shiga, dole sauran ruwan wuƙar ya bi shi a baya. Idan ƙarfen yana da kauri, zai riƙa ture ɓangarorin biyu na abin da ake yankawa, kamar yadda gatari yake yi wa ice, kuma yawancin ƙarfin da hannu ke sawa a nan yake ƙarewa. Shi ya sa masu kilishi, waɗanda aikinsu shi ne mayar da tsoka sala-sala, ba sa neman wuƙa mai nauyi. Sau da yawa tsohuwar da wasi ya cinye ta fi musu sabuwa.

Ina ake duba kaurin?

Wuri na farko shi ne bayan wuƙa. Wuƙaƙen aljihu na gargajiya a Turai ba su cika wuce milimita 2 zuwa 2 da rabi ba, yayin da da yawa daga cikin na zamani, waɗanda ake tallarsu da sunan ƙarfi da jure wahala, sukan kai milimita 3 zuwa 4.

Amma kaurin baya shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an duba faɗin ruwan wuƙar, da kuma yadda aka zaftare gefunanta. Wuƙa mai faɗi tana da filin da ƙarfen zai riƙa sirancewa a hankali har zuwa baki, saboda haka tana iya yin kauri a baya kuma ta yi yanka mai kyau. Wadda ba ta da faɗi kuwa, in ta yi kauri, ta zama ƙusa.

Zaftarewar ma iri-iri ce. Akwai wadda ake farawa tun daga baya a miƙe har baki, kuma ita ce ta fi dacewa da yanka abinci da kwali. Akwai wadda ake farawa daga tsakiyar ruwan, a bar sama da cikakken kaurinsa. Wannan ta fi ƙarfi, amma takan maƙale. Akwai kuma mai kwarmi a gefe biyu, irin ta askar Turawa, da irin wadda ake gani a wuƙar Buck 110 da ta fito a Amurka a 1964. Ita wannan tana da daɗin fiɗa da yanka marar zurfi, amma da zarar an nutsa ta cikin abu mai tauri, kafaɗar da ke saman kwarmin sai ta tokare.

Wurin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma kamfanoni ba su cika rubuta shi a jikin kwali ba, shi ne kaurin ƙarfen dab da inda aka wasa. A wuƙar da ke yanka sosai wannan wuri ba ya kai rabin milimita. Mai saye zai iya ji da hannunsa: ya kama ruwan wuƙar tsakanin yatsu biyu daga baya, ya zame su a hankali zuwa wajen baki, ya tsaya kafin ya isa kaifin. Idan ya ji ƙarfen ya kusa ɓacewa a tsakanin yatsun nasa, to ya sami abin da yake nema.

Misali daga Faransa

Wuƙar da aka fi buga misali da ita a wannan fanni ita ce Opinel. Wani matashi ɗan gidan maƙera mai suna Joseph Opinel ne ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie mai tsaunuka, domin manoma da makiyaya masu yanka burodi da cuku a gona. A 1897 ya fitar da ita cikin girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa lamba 12. Lamba 8 ce ta fi karɓuwa: tsawon ruwanta santimita 8 da rabi, kaurinsa kuma bai kai milimita 2 ba, an kuma ɗan kumburo gefunansa ta yadda abin da aka yanka ba ya mannewa a jiki.

A 1955 ɗansa Marcel ya ƙara mata wani zoben ƙarfe da ake murɗawa ya riƙe ruwan, don kada ya naɗe a kan yatsu. A 1985 gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert da ke London ya sa ta cikin kayayyaki ɗari da suka fi kyawun tsari a duniya, abin da ba kasafai kayan aikin talaka ke samu ba.

Tana da nata aibin. Ƙotarta ta ice ce, saboda haka takan kumbura idan ta sha laima har buɗewa ta yi wuya, ta kuma saki idan iska ta bushe. Mutanen Savoie sukan buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, sai ruwan ya ɗan leƙo a kama shi.

Ita ma wuƙar sojan Suwizalan, wadda Karl Elsener ya fara sayar wa rundunar ƙasar a 1891 daga garin Ibach, ruwanta siriri ne da aka zaftare tun daga baya, kuma wannan ne ya sa take yanka fiye da yadda ƙanƙantarta ke nunawa. Wasu guda biyu kuma nahiyar Afirka ce ta raya su. Douk-Douk, wadda ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, an yi ta ne domin tsibiran tekun Pasifik, amma a arewacin Afirka ta sami kasuwa. Okapi kuwa an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 domin ƙasashen da Jamus ke yi wa mulkin mallaka, kafin a mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Dukkansu masu araha ne, masu sauƙin wasi.

Batun ƙarfe

Masu talla sun fi son magana a kan irin ƙarfen, ko da yake ga mai neman yanka wannan a baya yake zuwa. Zaɓi biyu ne a gaban yawancin masu saye. Baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, kamar XC90 da Opinel ke amfani da shi, yana ɗaukar kaifi da sauri ko a kan dutse na gida, amma yana tsatsa, kuma ruwan lemun tsami ko na tumatir yakan baƙanta shi nan take. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam da bai gaza kashi 10 da rabi cikin ɗari ba. Irinsa mai suna 12C27, wanda aka fito da shi a Suwidin, yana da kabon kashi 0.6 da kuromiyam kashi 13 da rabi, kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne, abin da ya sa yake jure a sirantar da shi ba tare da ya ɓantare ba.

Wasu ƙarafan zamani masu tsada sun fi daɗewa ba su dakushe ba, amma ranar da suka dakushe sai an nemo musu dutsen wasi mai garin lu'ulu'u. Ga mutumin da aikinsa bai wuce fere mangwaro da yanke igiya ba, wannan ɗawainiya ce da ba ta zama dole ba.

Abin da ake rasawa

Siririyar wuƙa ba ta yafe ganganci. Idan aka ɓamɓare murfin gwangwani da ita, ko aka kwance kusa, ko aka murɗa ta cikin ƙashi, tsinin zai karye ko bakin ya lanƙwashe. Mai aikin daji ko gini da ke buƙatar sara da ɓamɓara, gara ya nemi mai kauri, ya haƙura da yanka mai laushi.

A ɗaya ɓangaren kuma, wasinta ba ya cin lokaci, domin ƙarfen da za a goge kaɗan ne. An saba karkata ta digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Sai dai kowane wasi yana matsar da bakin zuwa sama inda ƙarfen ya fi kauri, don haka bayan shekaru ana bukatar a kwantar da gefunan a kan dutse a rage su. Baki mai haƙora irin na zarto yana da amfani ga igiya, amma nama da kayan lambu yagar su yake yi.

Doka ga matafiya

A Birtaniya, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa ba tare da bayar da dalili ba, muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7.6, kotuna kuma sun yanke cewa wadda ake kullewa ba ta cikin wannan sassauci. Ke nan Opinel lamba 8 ta saɓa ta fuska biyu, ga tsawo ga zobe. A Jamus kuwa, tun 2008 aka hana yawo cikin jama'a da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma ta kulle, sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Tun bayan hare-haren 11 ga watan Satumba na 2001 aka tsaurara binciken wuƙaƙe a filayen jiragen sama, lamarin da ya karya cinikin kamfanonin Suwizalan biyu da ke sayar da su ga matafiya, har Victorinox ya saye abokin gasarsa Wenger a 2005. Wanda ya sayi wuƙa a ƙasar waje, sai ya sa ta cikin babbar jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba.